Ki Ce Wa Innarku

Shafi na 19

Salama gare ku mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rantse in ban saki shafin yau ba za ta hau mota ta zo ta ƙwace wayata. Bismillah, ƙofa a buɗe take, ki taho mana da sukari. Ku kuma sababbin shigowa da kuke ta tambayar wane ne wane, ga shi sau ɗaya, don ba zan maimaita ba.

Lukumanu ɗan fari ne a wurin Inna Adama, Rahmatu kuma autarta. Ranar Asabar ɗin da yaƙi ya shigo tsakiyar Njamena, farkon Fabrairun 2008, Lukumanu ya fita duba shagonsa a kasuwa bai dawo ba. Bayan kwana uku Rahmatu ta tsinci wayarsa a ƙofar shagon cikin fasassun gilasai, ta ɓoye ba ta gaya wa kowa a gida ba. A makon Inna ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ce hawan jini ne, kuma wani mugun labarin zai iya tafiya da ita. Rahmatu da ta karanci kwamfuta sai ta haɗa wayar da wata na'ura a siber ɗin Inusa abokin yayanta, wato shagon intanet ɗinsa da ke Mursal. Ta kwashe tsofaffin saƙonnin Lukumanu ta zuba mata, ta koya mata amsa saƙo da bakinsa. Inna tsohuwar ungozoma ce, tana karatu tana rubutu, don haka wata shida ke nan tana hira da ɗanta ta saƙo, a kan cewa yana ɓoye a Kusiri, tsallaken kogi, kuma ba ya iya kira don ana sauraron waya. A shafin da ya wuce kun ga abin da ya faru ranar Talata. Yau Juma'a.

* * *

Tun asuba ake yayyafi, irin mai laushin nan da ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a cikinsa. Babu kowa a siber sai ƙarar gurup da ke ba da wuta a bayan shago, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ke shigowa ta ƙofa. Rahmatu na zaune a teburin ƙurya, gaban kwamfutar da ba a barin kowa ya taɓa. Wayar Lukumanu na kwance a gefenta da tsagaggiyar fuska, igiya ta haɗa ta da na'urar. Layi biyu take kallo tun da ta zo, ta karanta su ya fi sau talatin, ba su canja ba.

Inna ta rubuta: Ka dawo gida ranar Juma'a.

Bayan minti biyar aka amsa: To Inna, zan dawo gida ranar Juma'a in sha Allah.

Ni dai ban ga laifin na'ura ba, abin da aka koya mata ta yi. Kuma Rahmatu ta sha wahalar koyarwar nan fiye da yadda ake shan wahalar yaye. Da farko da hannunta take amsa wa Inna, to amma Inna ta fi son yin saƙo da la'asar, lokacin da Rahmatu ke zaune a gabanta tana tsince shinkafa, hannu biyu cikin faranti. Dole a sami wanda zai amsa daga nesa. Da na'urar ta fara aiki kuwa, kafin Inna ta sauke tabarau amsa ta shigo, har Inna ta ce ikon Allah, yaushe wancan ya koyi sauri? Washegari Rahmatu ta koya mata jinkiri, minti uku zuwa bakwai, wani lokacin rabin awa. Ta koya mata yin shiru lokacin salla. Ta koya mata tsallake harafi yadda babban yatsan Lukumanu ke yi, da rufe zance da kalas, wato shi ke nan, in an dame shi, da tambayar lafiyar bishiyar lemun tsamin da ya dasa a tsakar gida. Har mantuwa ta koya mata, don ta lura mutumin da ba ya manta komai tsoro yake ba wa mutane.

Abu ɗaya ya gagara, shi ne jin magana. Inna za ta rubuta a sha magani, a daina yawo cikin ruwa, sai na'ura ta amsa da lafiya lau, ya lemuna? Inna sai dai ta ajiye wayar ta yi tagumi, kuma tagumin nan ya fi zagi ciwo a wurin Rahmatu. Ta zauna sati biyu cur ta gina mata sabuwar ƙa'ida: duk abin da Inna ta ce a yi, a ce to, a maimaita shi, washegari kuma a kawo labarin an yi. Ranar da ƙa'idar ta fara aiki Inna ta rubuta a sa hula, aka ce To Inna, zan sa hula. Inna ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta yi wani irin murmushi da Rahmatu ba ta taɓa gani a fuskarta ba. Daga ranar hira ta buɗe. Matar da ba ta wuce layi ɗaya ta koma rubuta uku, huɗu, ta daina cewa a yi, ta koma cewa ka yi. Rahmatu ta ɗauka ta gama cin nasara, har 'yar rawa ta taka a bayan shago inda ba mai ganinta. Ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba cewa wata rana Inna za ta ba da umarnin da ba ya cikuwa.

Inusa ya shigo yana kakkaɓe ruwa daga hularsa. Bakano ne, shekararsa tara a garin, amma har yau Larabcinsa sai a hankali. Ya dubi fuskarta ya gane ba ta yi komai a kan maganar ba. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, a sa na'urar ta rubuta cewa an rufe gada, ko zazzaɓi ya kama shi, sai wani satin. Ta tambaye shi wani satin kuma fa? Ya ce Allahn wannan Juma'ar shi ne na waccan.

"Ƙanwata, wata shida kina riƙe da tsohuwar nan. Kada ki sake ta yau."

"Tun jiya ta kwaɓa ƙullun kisra, Yaya Inusa. Ta sa na wanke ɗakinsa, ta turara shi."

Can ya ce ya ji a masallaci wai wasu da aka yi awon gaba da su lokacin yaƙi sun fara ɓullowa ɗaya-ɗaya, a rame, ba sa son a tambaye su inda suka kwana. Rahmatu ta girgiza kai. Irin wannan wai ɗin ta bi ta gaji. Babu asibitin da ba ta shiga ba, har ƙofar maƙabartar Lamaji ta tsaya tana kwatanta wa masu haƙa tabon da ke haɓarsa, kowa sai ya ce mata Allah karim. Ta ce masa ba ta da sauran ƙarfin sa rai, ya bar ta kawai. Ya ɗauki buta ya fita shirin masallaci.

Da ta rage ita kaɗai sai ta buɗe ɗan gurbin da take gwada na'urar a ciki, ta rubuta: Kana ina?

Ta san sarai ita ta sa jinkirin, amma ta zauna tana jira. Ɗigon ruwa na sauka daga indararo cikin wani tsohon gwangwani, ɗaya bayan ɗaya. A minti huɗun nan ta ga yayanta a wani ɗaki da ba ta sani ba, ya jingina da bango, yana lalubo wayar a aljihu, yana murmushin nan nasa na gefen baki.

Ina nan kusa. Kin ci abinci?

Ta san saƙon. Bara ya turo mata shi ranar jarrabawarta ta ƙarshe, ita da kanta ta kwafe shi ta zuba. Duk da haka sai da idonta ya cika. Ta rubuta: Ka yafe mini.

To Inna, zan yafe miki in sha Allah.

Mutum ɗaya na'urar ta sani a duniya, kowa Inna ne a wurinta. Rahmatu ta yi dariya hawaye na zuba, ta kashe kwamfutar, ta zare igiyar. Ta buɗe bayan wayar ta cire batirin, ta ƙulle su biyun a bakin mayafinta.

* * *

Daga Mursal zuwa Gasi, unguwarsu, tafiya ce mai tsawo, balle da damina. Ta sami wuri kusa da taga a ƙaramar bas, ta jingina kai da gilashi. Motar na gangara cikin kududdufai tana rangaji, mutanen ciki sun yi tsit sai wata mata da ke lallashin jaririnta da Larabci a hankali. Inda hanya ta kusanci kogin Shari, ruwa ya cika ya batse, belbelu sun jeru a kan wani kwale-kwale da ba kowa a ciki. Tsakanin barci da ido biyu safiyar Asabar ɗin nan ta dawo mata.

Ku da kuka san kunyar ɗan fari ba sai na yi muku dogon bayani ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Lukumanu ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, sai da ta rasu ya dawo gida yana ɗan shekara goma sha biyu. In Inna na da magana da shi, bango take kallo ta faɗa, ko ta ce wa Rahmatu ki gaya wa yayanku. Shi ma ba ya ce mata komai kai tsaye, sai dai ki ce wa Innarku, ko da kuwa tabarma ɗaya suke zaune. Haka Rahmatu ta tashi tana kai saƙo tsakanin mutum biyu da taku uku ya raba.

Safiyar nan ana jin rugugin manyan bindigogi daga cikin gari, Lukumanu ya sa takalmi. Inna na zuba shayi, ba ta ɗaga kai ba ta ce wa bango, a gaya wa wancan yau ba ranar fita ba ce. Ya yi dariya ya dubi Rahmatu.

"Ki ce wa Innarku ta rufe mini shayina. Kafin ya huce na dawo."

Inna ta ɗora ɗan faranti a kan kofin ta ajiye a bakin taga. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta zubar da na jiya ta cika sabo ta rufe, ba ta taɓa cewa na wane ne ba. Wannan maganar ita kaɗai ce Rahmatu ba ta zuba wa na'ura ba, ba ta kuma gaya wa Inusa ba. Ta gwada rubuta ta sau biyu, hannunta ya ƙi.

Kwandasta ya buga jikin mota ya ce Gasi. Ta sauka tana lalubar ƙullin mayafinta.

* * *

Tun daga ƙofar gida ƙamshin turaren wuta ya tare ta. Ruwa ya ɗauke, rana ta leƙo ta bayan gajimare, komai na tsakar gidan na ƙyalli. Inna ta shimfiɗa tabarmi har biyar a inda ƙasa ta tsane. Ga kisra mai kama da sinasir an jera an lulluɓe, ga tukunyar miyar kuɓewa da kifi, ga karkanji, wato zoɓo, a babban bokiti da ƙanƙara. Ita kuma tana zaune a kujera 'yar tsugunno ƙarƙashin lemun tsami, cikin farar lafayar da take sawa ranar Idi, tabarau a wuya, waya a cinya.

Rahmatu ta yi sallama. Ta fara shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar maganin hawan jini da kofin ruwa, ta ajiye kusa da ƙafarta inda hannu zai kai da sauri. Sannan ta durƙusa. Inna ta dubi kwalbar, ta dube ta, ta ce yau an tashi aiki da wuri.

"Inna, akwai magana."

"Ina ji."

Sai Rahmatu ta kwance bakin mayafin, ta ɗora wayar da batirin a cinyar Inna, kusa da tata. Inna ta sa tabarau. Ta ɗauki wayar ta juya ta, ta bi tsagar fuskar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Rahmatu ba fuskarta take kallo ba, hannun hagunta take kallo, wanda ya fara rawa ranar da ta faɗi.

"A ina?"

"A ƙofar shago. Kwana uku da fitarsa."

"Shi fa?"

"Ban gan shi ba, Inna. Ban san inda yake ba. Ba ya Kusiri. Ba zai zo yau ba. Ni ce duk..."

"Ke ce, ko abin nan da kika koya wa magana?"

Rahmatu ta ɗago kai da sauri, ta ma manta da kukan da ta fara. Inna kuwa ko gezau. Ta ce ita fa shekara talatin tana karɓar haihuwa, tana gane naƙudar gaske daga tafiyar mace tun daga bakin ƙofa, ba za a zo a ruɗe ta da ƙaramar waya ba. Ta ce ta san ba Rahmatu ke rubutawa ba, tun da tana zaune a gabanta amsa ke shigowa. Amma duk ranar da Rahmatu ta dawo tana mitar gurup ɗin Inusa ya lalace, ranar wancan ma ba ya magana. Sau uku ta gwada, sau uku haka.

"Na ce to, ashe yayanku da man gurup yake numfashi."

Ta faɗe shi tana ɗan murmushi, kuma murmushin ne ya karya Rahmatu. Ta kifa kai a gwiwar Inna tana ba da haƙuri, tana cewa tsoro ta ji, likita ne ya ce, ba ta san yadda za ta yi ba. Inna ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa bayanta kamar mai lallaɓa jariri ya yi gyatsa.

"Tun yaushe, Inna?"

"Saƙon farko na sha jinin jikina. An ce Inna ina lafiya. Yaushe ya taɓa ce mini Inna? Amma na ce ƙila wahala ta sauya shi. Ina so ya zama shi ne, sai na bar zuciyata ta yi ta ruɗina."

"Sannan?"

"Sannan ranar hula. Na ce a sa hula, aka ce to."

"Na ɗauka daɗi kika ji. Kin yi murmushi."

"Wanda na haifa bai taɓa cewa to ba, Rahmatu. Da shi ne, ke zai turo wa, ya ce ki ce wa Innarku ni ba na jin sanyi. Sai ya gama gardamarsa tsaf, sannan in na leƙa ta taga in gan shi da hular a kai."

Sati biyun da Rahmatu ta kwashe tana gina biyayya, ashe a cikinsu ta rushe yayanta da hannunta. Ta kwafe tsallaken harafinsa, ta kwafe jinkirinsa, ta kwafe kalas ɗinsa, ta manta da taurin kansa, alhali ita ce ta yi shekaru tana ɗaukarsa daga bakinsa zuwa kunnen Inna. Ta ji kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Ta tambayi Inna me ya sa to ba ta tona ba, me ya sa ma hirar ta ƙaru daga ranar.

Inna ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta daɗe tana kallon ganyen lemun da ruwa ke ɗiga daga jikinsu.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce masa ka ba. Da na tabbata ba shi ba ne, sai bakina ya buɗe."

Ta ce duk abin da ta tara tun ranar da ta haife shi, a abin nan ta juye. Ta gaya masa ranar da aka ɗauke shi zuwa gidan kakarsa ta shiga bayan ɗaki ta yi kuka da zani a baki don kada a ji a yi mata gori. Ta gaya masa takan bi ta ƙofar makarantarsu da gangan, ta rage tafiya, ta wuce kamar ba ta gan shi ba. Ta gaya masa da ya gina gidan nan na Gasi ya ce a ce wa Innarku ta zo ta gani, ta zo ta ce ba laifi, alhali ji ta yi kamar ta yi guɗa unguwa ta taru. Abin nan kuwa komai ta faɗa sai ya ce to Inna. Ta san ba kowa a ciki, amma tana samun barci.

"To me ya sa kika ce ya dawo yau?"

"Saboda ke."

"Ni?"

"Dubi wuyanki. Kin fi ni zama da shi. Kina ci kina tunanin me zai ce, kina salla kina tunanin me zai ce. Na rasa ɗaya, ina kallo abin nan na shanye mini ɗayar. Na san in na ce ki daina za ki rantse mini shi ne. Sai na ba shi aikin da ba zai iya ba, don ki kawo mini shi da hannunki."

Rahmatu ta waiga ta dubi tabarmin da abincin, ta tambaya to wannan duk na wane ne. Inna ta ce ta aika wa Kawu Rufa'i, ƙanenta, zai zo da mutanen masallaci bayan la'asar a yi addu'a a raba sadaka. Rahmatu ta ce amma ai ba a ga gawa ba. Inna ta ce ita ma ba ta ce ya mutu ba, miƙa shi za ta yi ga Mai shi, don hannunta ya gaji da riƙon abin da ba ta gani.

Hannun hagun ya ɗan motsa a kan cinyarta. Rahmatu ta kai hannu ga kwalbar magani, Inna ta girgiza kai ta ce ba shi ba ne.

"Abu ɗaya ke cina. Ranar nan bango na gaya wa. Yana tsaye nan, nan inda kike, ina jin ƙarar bindiga, na ce wa bango yau ba ranar fita ba ce. Da na kira sunansa sau ɗaya, wallahi da mamaki kaɗai ya zaunar da shi."

"Inna, ba laifinki ba ne."

"Sahi, gaskiyarki. Amma ɗauko mini kofin can."

Rahmatu ta miƙe ta je bakin taga. Kofin na nan a rufe da ɗan farantinsa, shayin safe ya yi sanyi, ya yi duhu. Ta kawo da hannu biyu. Inna ta buɗe, ta daɗe tana kallon cikinsa. Gidan ya yi shiru, sai kurciya a kan katanga da kiran sallar wani masallaci mai nisa da iska ke kawowa tana mayarwa. Leɓunanta suka motsa sau biyu ba sauti, kamar mai koyon sabuwar kalma.

"Lukumanu."

A hankali ya fito, a karkace, kamar ba da harshenta aka yi shi ba. Rahmatu ba ta taɓa jin sunan yayanta da wannan muryar ba. Inna ta sake faɗa, wannan karon ya zauna daidai. Sannan ta sunkuya ta tsiyaye shayin a gindin lemun, a hankali har ɗigon ƙarshe, ta kife kofin a kan farantin. Ta ce kalas, gobe ba sai an ɗora ruwan mutum uku ba.

A nan ne wayar Rahmatu ta yi ƙara a cikin jaka.

Ta so ta share, Inna ta ce ta duba, ƙila Kawu ne yake tambayar ko a taho. Ta zaro wayar tana goge ido da bayan hannu. Ba lambar Kawu ba ce, ba ta Inusa ba ce, lamba ce da ba ta taɓa gani ba. Ta buɗe saƙon.

Ta karanta sau ɗaya.

Ta dubi cinyar Inna. Wayar Lukumanu na nan kwance a mace, batirinta a gefe. Kwamfutar Mursal ita ta kashe ta da hannunta.

Ta sake karantawa. Ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idonta ya sauka a kan kwalbar magani, ya koma kan hannun hagun Inna, ya koma kan kifaffen kofin.

"Wane ne?"

Rahmatu ta matse wayar a ƙirji.

"Rahmatu, da ke nake. Miƙo nan."

Inna ta mayar da tabarau a idonta, ta zare wayar daga hannunta, ta matso da ita kusa da fuska. Layi ɗaya ne, an tsallake harafi biyu a ciki.

Rahmtu ki ce wa Innarku shayin nan ya isa hucewa, ta ɗora wni.